Gilashin rufin motata ya tarwatse, kamfanin inshora ya ce ba ya biyan ko sisi

Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a nan Sakkwato, ina sayar da atamfa da leshi, kuma nakan kai kaya Illela da Birnin Kebbi. Bara na haɗa kuɗin adashi da ribar shago na sayi mota 'yar Kwatano, irin mai faffaɗan gilashi a rufi. Saboda tsoron asara na yi mata babbar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motar kanta, a kan naira miliyan 8. Wakilin kamfanin ya ce in zaɓa, ko in biya 480,000 a shekara ko 400,000. Na ɗauki mai sauƙin, na sa hannu.

Cikin watan Afrilu, wata rana bayan Azahar, motar tana ajiye a ƙofar gida a Mabera, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Ko da na fito, gilashin rufin ya tarwatse. Yara na wasa da danƙo a bakin layi, cikinsu har da ɗan maƙwabciyata, bai wuce shekara goma ba. Na kama shi na yi masa tatas, na ja shi har gaban uwarsa na ce sai sun biya. Yaron yana kuka yana rantsuwa ba shi ba ne. Ba mu ga dutse ba. Labulen rufin a rufe yake, ɓaraguzan duk suna kansa. Tun ranar ko gaisawa ba mu yi da ita.

Mai gilashi ya ce 270,000 har da ɗaurawa. Kamfani kuma suka ce akwai kason da na amince zan ɗauka a kaina duk lokacin da aka yi ɓarna, wai ekses, kuma nawa 300,000 ne, don haka ba su da abin biya. Wai da na ɗauki ta 480,000 da kasona 50,000 ne kacal. Maigida ya ce dama ya faɗa mini, inshora cin kuɗin mutane ce, ga maganar malamai a kanta, in koma ta 15,000 da ake nuna wa 'yan sanda. Wata ƙawata kuma ta ce in sa mai gilashi ya rubuta 600,000 a rasit. Watan Yuni zan sabunta. Malam, cutata aka yi? Me zan yi?

Daga wata 'yar'uwa, Mabera

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya mayar da alheri, Ya tsare gaba. An gode Allah da babu kowa a cikin motar. Da a kan hanyar Birnin Kebbi ne kina tafe da gudu, firgitar kaɗai ta isa ta sa mutum ya saki sitiyari.

Tambayarki ta kuɗi ce, amma da yaron nan zan fara, domin maganar inshora za ta iya jiran watan Yuni, tasa kuwa ta riga ta kwana da yawa.

Gilashin mota iri biyu ne. Na gaba falle biyu ne aka manne da siririyar roba a tsakiya. Shi ya sa in tsakuwa ta same shi sai ya yi tauraro ko ya tsage amma yana nan a tsaye, har ki ga direban haya ya shekara yana yawo da shi a haka. Na ƙofofi da na baya da akasarin na rufi kuwa gasasshen gilashi ne. A masana'anta ana gasa shi har zafin ya haura digiri 600, sannan a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya. Bayansa ya riga ya daskare, cikinsa kuma yana hucewa a hankali yana jan bayan, sai gilashin ya zauna a ɗaure tamau kamar fatar ganga. Wannan ɗaurin ne ƙarfinsa, ya ninka na gilashin taga wajen sau huɗu. Shi ne kuma ajalinsa. Duk ranar da wata 'yar tsaga ta ratsa bayan ta kai ciki, ƙarfin da ke ɗaure sai ya kwance gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, gilashin ya zama tsaki. Ƙarar da kuka ji ke nan. Da gangan aka yi shi haka, don kada ya karye manya-manya masu kaifi ya yanka na ciki.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne tsagar ba lalle ne ta fara a ranar da gilashin ya fashe ba. Ke mai bin hanya ce. Sau nawa kika bi bayan tifar tsakuwa ko tirela kika ji wani abu ya yi ƙas a saman mota, kika duba madubi ba ki ga komai ba, kika wuce? Irin wannan 'yar tsakuwar takan bar tabon da ido ba ya gani, musamman in ta sami gefen gilashin, inda ya fi rauni. Daga nan sai ramukan hanya su yi ta murɗa jikin motar, rufin yana motsi kaɗan-kaɗan, tabon yana ƙara shiga. Wani lokaci ma lahanin daga masana'anta yake. Akwai wani ɗan ƙwayar ma'adinin nikel da kan maƙale a cikin gilashi tun ana narka shi, bai kai ƙwayar yashi girma ba, yana kumbura a hankali tsawon shekaru, zafi kuma yana ƙara masa sauri, har ranar da zai fasa gilashin daga ciki ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Motarki kuma 'yar Kwatano ce, ta yi wata rayuwa a wata ƙasa, an loda ta a jirgin ruwa, an ɗaure, an kwance, wataƙila ma an taɓa buga rufin an gyara.

Sai zafinmu. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Sakkwato yakan haura 40 ya kai 43 ko 44, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta yakan wuce 60. Zafi shi kaɗai ba ya fasa lafiyayyen gasasshen gilashi. Da yana yi, da babu motar da za ta kai damina da rufinta a garin nan. Amma ƙarfen rufi da gilashin ba daidai suke buɗewa ba idan sun ɗauki zafi, kuma gilashin da dama yana da tabo, bayan Azahar a Afrilu ne lokacin da ya fi dacewa ya bayar da gari.

Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A 2017 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta tattara ƙorafe-ƙorafe 859 da masu motoci suka kai wa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar tun daga 1995 kan gilashin rufi da ya tarwatse, akasarinsu daga 2011 zuwa sama, wato lokacin da aka fara yayin faffaɗan gilashi irin naki. A ƙarshen 2012 kamfanin Hyundai ya janye dubban motoci ƙirar Veloster saboda gilashin rufinsu yana iya fashewa, sakamakon lahanin da yakan samu tun wajen haɗa motar. Motocin wancan zamanin su ne yau suke cika filayen dillalai a ƙasar nan.

Yanzu ki koma kan abin da kika gani da idonki. Kin ce labulen rufin a rufe yake, ɓaraguzan duk suna kansa, kuma ba a ga dutse ba. Da dutsen danƙo ya huda gilashin, a kan labulen nan za a fi tsammanin samunsa. Yana yiwuwa dutse ya bugi gilashi ya yi tsalle ya faɗi gefe, ban ce ba ya yiwuwa ba. Sai dai ba ki ga yaron ya harba ba, babu wanda ya ce ya gani, kuma ga hanyoyi da yawa da gilashin zai iya fashewa da kansa. Ƙa'idar shari'a sananniya ce: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ba ki kawo hujja ba, yaro ya rantse. Magana ta ƙare.

Don haka ki shiga gidan maƙwabciyarki, kada ki aika. Ki tafi da kanki bayan Magariba, ki gaishe ta, ki ce ranki ne ya ɓaci kika yi abin da bai kamata ba, kin janye maganar biya. Sannan ki ce a kira yaron, ki ba shi haƙuri a gaban uwarsa, tunda a gabanta kika ja shi. Wannan ɓangaren ne manya suka fi tsallakewa, a shirya da uwa a manta da ɗan da aka kira mai ɓarna a gaban abokansa. Yaro ɗan shekara goma yana riƙe irin wannan. In uwar ta ɗan ja rai ranar farko, ki ƙyale ta, tana da dalili.

To, cutarki aka yi?

Ki ɗauko takardun inshorar. Akwai shafi ɗaya ko biyu da ke ɗauke da sunanki, lambar mota, darajar da aka yi inshora a kai, ranar farawa da ta ƙarewa. A nan ake rubuta kason mai mota. In kin ga 300,000 a wurin, to kamfani bai karya yarjejeniya ba, abin da kika sa wa hannu ne suka bi. In kuwa babu shi a rubuce, ko wani adadi daban aka rubuta, ki kai musu ƙorafi a rubuce ki riƙe kwafi, in ba su saurare ki ba ki kai wa NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, tana da sashen karɓar koke-koke. Ina kyautata zaton za ki tarar da shi a rubuce. Wanda ya gaza shi ne wakilin da ya ajiye miki farashi biyu a gaba bai zaunar da ke ya ce ga abin da ragin yake ɗauke da shi ba. Ke ma 'yar kasuwa ce. In atamfa biyu masu zane ɗaya suka bambanta a farashi, ba kya biya sai kin murza kin ji dalili. A nan ba ki murza ba.

Shi wannan kaso ba wayo ba ne da aka ƙirƙiro don ke. Duk inda ake inshorar mota a duniya akwai shi, don kada kamfani ya riƙa buɗe fayil da tura injiniya a kan kowace 'yar ƙarzar fenti, kuma don mai mota ya ci gaba da kaffa-kaffa da abarsa tunda ya san aljihunsa ma zai ji. Ciniki ne: ka ɗauki kaso babba a rage maka kuɗin shekara, ka ɗauki ƙarami a ƙara maka. Bari mu buga lissafin naki. An rage miki 80,000. A madadinsa kika yarda kasonki ya tashi daga 50,000 zuwa 300,000, wato ƙarin nauyin 250,000. Raba 250,000 gida-gida na 80,000, za ki samu uku da 'yan kai. Ma'ana sai kin yi shekara uku da ɗoriya ba ki nemi diyyar wata babbar ɓarna ba kafin ragin ya biya kansa. Ke kuwa a shekarar farko abin ya same ki. Da ɗayar kika ɗauka, kuma ta haɗa da gilashin rufi, da sun ba ki 220,000. Cire 80,000 ɗin da kika rage, ainihin asarar zaɓinki 140,000 ce. Da ciwo, amma ba ita ce ƙarshen duniya ba.

Ki kuma lura, kason nan ba na shekara ba ne, na kowace ɓarna ne. In a Yuli mai kabu-kabu ya fasa miki fitila, a Nuwamba kuma wani ya murje miki ƙofa a shataletale, kowanne dabam za a cire masa 300,000. Da irin wannan kaso, inshorarki ta manyan masifu ce kawai: sata, gobara, haɗarin da ya lalata mota. Duk abin da bai kai haka ba naki ne. Akwai wanda wannan tsari ya dace da shi, mutumin da motarsa daga gida sai ofis, kuma yana da kuɗi a ajiye da zai zara ya gyara ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ke ba shi ba ce. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne wannan: kason da za ki amince da shi kada ya wuce kuɗin da za ki iya fitarwa a yinin da abin ya faru, ba rance, ba taɓa jari, ba karya adashi. Za ki iya cewa to bari in ware 300,000 in ajiye don irin wannan rana. Na san 'yan kasuwa, Hajiya. Kuɗi ba ya kwana a asusu alhali an ji sabon leshi ya sauka a Kantin Kwari ga salla na matsowa. Kuma gaskiyarku ce, 300,000 da ke juyawa a shago za ta iya kawo abin da ya fi 80,000 a shekara. Ga shi kina bin manyan hanyoyi, ga mota mai gilashin da kuɗinsa ya tsaya daf da ƙasan kasonki. Shawarata ki koma ƙaramin kaso ki biya ƙarin, da sharaɗi ɗaya: a rubuta miki cewa gilashin rufi yana ciki.

Sharaɗin nan yana da muhimmanci, domin yawancin yarjejeniyoyi suna da sashe na musamman kan gilashi, wani lokaci da iyakar kuɗin da za a biya, kuma ba kowane kamfani ne yake lissafa na rufi a cikin wannan sashe ba. Haka kuma inshorar mota ta ɓarnar da ta faɗo ba zato ce, ba ta tsufa ko lahanin ƙira ba, don haka gilashin da ya fashe mota na tsaye yana iya jawo gardama. Ki tambaye su kai tsaye: in gilashin rufi ya tarwatse mota tana ajiye, ba a ga abin da ya buge shi ba, kuna biya? Nawa ne iyaka, nawa ne kasona? Amsar ta zo a takarda ko a saƙo, ba a baki ba.

Ki kuma duba yadda aka rubuta kason. Wasu adadi ne tsayayye. Wasu kuwa sukan ce kashi kaza cikin ɗari na kuɗin gyara ko adadi kaza, duk wanda ya fi yawa. A ce an rubuta kashi 10 cikin ɗari ko 50,000: in gyara ya kai miliyan 2, kasonki ya zama 200,000, ba 50,000 da kika ɗauka a ranki ba. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da ƙarin tsarin da yake ɗauke kason gaba ɗaya. Ki nemi farashinsa ki buga irin lissafin da muka yi a sama.

Wani abu da wakilin bai gaya miki ba: tun 1 ga Janairun 2023 NAICOM ta ƙayyade cewa babbar inshorar mota ba za ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba, bayan an cire duk wani rangwame. Kashi 5 na miliyan 8 shi ne 400,000 cif. Wato kina kan ƙasan farashi ne, ko kin yarda da kason rabin miliyan babu sauran ragin da za a yi miki bisa ƙa'ida. Duk wanda ya zo miki da babbar inshora a kashi 2 ko 3, ki yi taka-tsantsan da takardarsa. Ana iya tantance inshorar mota ta hanyar sa lambar motar a shafin askniid.org ko a buga *565*11# a waya.

Abu biyu kuma na tsinta a wasiƙarki da suka fi gilashin nan haɗari. Na farko, kin ce kina kai kaya Illela da Birnin Kebbi. Da wannan motar? In a takarda an rubuta motar ta hidimar gida ce kawai, ranar da aka yi haɗari but cike da dilolin atamfa, kamfani zai iya cewa ba abin da kuka yi yarjejeniya a kai ba ke nan. Ki gaya musu gaskiyar yadda kike amfani da ita, a rubuta, ko da za a ɗan ƙara kuɗi. In kuma kina tsallakawa Ƙonni, ki tambaya ko inshorar tana bin ki bayan iyaka. Na biyu, miliyan 8 ɗin nan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, farashin motoci da kayan gyara suka bi ta. Ki tambayi dillalai biyu ko uku nawa irin motarki take yau. In ta kai miliyan 10 kika yi inshora a kan 8, ba za a biya ki fiye da 8 ba ko an sace ta, kuma akwai yarjejeniyoyin da ke rage diyyar ƙaramar ɓarna ma gwargwadon giɓin.

Shawarar ƙawarki ki bar ta inda kika ji ta. Zamba ce, kuma ba ta da wayo. Kamfani yana tura injiniyansa ya duba ɓarna, ya san farashin gilashi fiye da ke, kuma kin riga kin faɗa musu 270,000. In suka kama rasit na ƙarya za su iya soke yarjejeniyar baki ɗaya, ki yi asarar 400,000 ɗinki a kan neman abin da ba naki ba.

Maigida kuwa kada ki yi gardama da shi a kan "dama na faɗa miki". Ki bari ya huce, ki kawo masa takarda da biro. Ta 15,000 da yake magana ita ce mafi ƙanƙantar inshorar da doka ta wajabta wa motar gida, kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta. Amma aikinta shi ne ta biya wanda kika yi wa ɓarna, dukiyarsa har naira miliyan 3, da rauni ko rasa rai. Motarki ko madubi ba ta biya. Ki tambaye shi cikin ladabi: in Allah Ya kiyaye aka wayi gari babu motar, ko ta ƙone, akwai inda za a fitar da miliyan 8 a gidan nan? In akwai, shawararsa tana da ƙafa. In babu, to fushin gilashin 270,000 ne zai sa a bar miliyan 8 a fili.

Maganar malamai da ya kawo ba ƙirƙira ya yi ba. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba tana da garari mai yawa, wato rashin tabbas a ciniki, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya a matsayin mafita. Ita ce ake kira takaful: mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda asara ta samu a cikinsu, kamfani yana kula da asusun a biya shi ladan aikinsa, ba a juya kuɗin a harkar riba, in an samu rara kuma akan raba wa waɗanda suka cancanta. A Sudan aka fara ta a 1979. A nan NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. In wannan ne zai kwantar wa maigida da hankali, ku nemi farashinsu, ku kuma tuntuɓi malamin da kuka aminta da shi. Sai dai ki sani, ita ma takaful tana da kason mai mota. Duk tambayoyin nan za ki yi musu su, ɗaya bayan ɗaya.

Saura gyara, kuma kada ki ja shi, hadari ya kusa fara haɗowa. Kafin nan a rufe wurin da leda mai kauri ko tamfol a manne gefe-gefe, a daina taɓa maɓallin rufin, domin tsakin gilashi da ya zuba cikin layin da yake gudu a kai zai iya cinye haƙoran injin, ki wayi gari da kashe kuɗi na biyu. Ki sa a nemo miki farashi daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, har Ladipo a Legas in kina da wanda zai duba miki, ki kwatanta da na mai gilashinki. In na hannu ne, a bi gefensa da yatsa da ido a cikin haske, duk wanda aka ga ɗan gutsure a bakinsa a mayar. A kusurwar kowane gilashi akwai hatimi. In an rubuta Tempered gasasshe ne, in an rubuta Laminated mai roba a tsakiya ne irin na gaba, kuma in ana samun wannan na ƙirar motarki shi ya fi, don ko ya fashe ba ya zubowa a kan mutane. Wasu sukan gaji su sa fanel bita ya toshe wurin da ƙarfe. Yana raba mutum da fargaba, amma yana karya darajar mota ranar sayarwa, kuma in kin yi haka sai kin sanar da kamfanin inshora an sauya wani abu a jikinta.

Wajen ɗaurawa ki tsaya a kansu. A zuƙe tsakin gilashin tas daga layin da kujeru, a duba ko firam ɗin ya karkace, domin sabon gilashi a kan karkataccen firam ba zai daɗe ba. A kusurwoyin rufin akwai 'yan bututun da ke sauke ruwa zuwa ƙasan mota, ƙurar hunturu tana toshe su, a hura su a buɗe. Daga yanzu ki samar wa motar rumfa ko da ta zana ce, ko ki riƙa kai ta inuwar dogon yaro, ki hana mai wanki sheƙa mata ruwan sanyi tana tsakar zafi, a hanya kuma ki riƙa ba tifa da tirela tazara. Kada ki cika wa mai gilashi kuɗinsa ranar da ya ɗaura. Ki koma washegari da safe kafin rana ta ɗaga, ki shiga ki zauna ki rufe ƙofa, ki buɗe labulen, ki sa yaronsa ya juye bokiti biyu na ruwa a kan rufin. In babu ɗigo, ki biya shi sauran.